Saje Bawa da Damƙin Tsaba

Ina zaune a gindin ɗorawa a Kwanar Dangora, ina jiran a liƙe mini tayar keke, dawowata ke nan daga taron malamai a Tudun Wada, sai mai gyaran ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Malam, ba kai ne na makarantar Rafin Ɗinya ba? To sai haƙuri. Saje Bawa ya rasu jiya da hantsi, an kai shi bayan azahar." Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Wani direban babbar mota da ke cin rogo a gefe ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ba shi ne wanda hukuma ta ba aikin dafa wa 'yan makaranta abinci ba?"

Ba direban nan kaɗai ke da wannan zato ba. Daga Bebeji har Doguwa na sha jin ana cewa tukunyar makarantarmu ta hukuma ce, Saje kuwa ma'aikacinta ne. Gaskiyar magana ita ce ko ƙwayar dawa ɗaya hukuma ba ta taɓa sakawa a tukunyar nan ba, kuma ba wanda ya ɗora wa Saje wannan aiki. Shi ya ɗora wa kansa, ya kuma mai da shi siyasarsa duka, tun daga ranar da ya tsaya zaɓe har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don masu makoki su sami abin tunawa, yaranmu kuma su san inda abincin ranarsu ya samo asali.

Shekara biyar ke nan da aka turo ni Rafin Ɗinya, wani ƙauye tsakanin Kiru da Dangora. Ban yi mako guda ba sai ga wani dattijo dogo, mai tafiya kamar ana buga masa ganga, ya yi sallama a ƙofar aji da takarda a hannu. Ya ce, "Malam, an ce kana jin Turanci har da na rubutu. Karanta mini wannan, amma a hankali, ni ba na son gaggawa."

Saje Bawa ke nan, tsohon soja. Wasiƙa ce daga Indiya. A lokacin yaƙin Bama zazzaɓi ya kwantar da shi a wani asibitin soja kusa da Madaras, a ƙasar mutanen da ake kira Tamil. Wani ma'aikacin asibitin mai suna Raman ya yi jinyarsa, da ya sami sauƙi ya kai shi gidansu ya ci abinci. Tun daga nan ba su daina rubuta wa juna ba. Da ma wani akawu a Kiru ke karanta masa, amma Saje ya ce akawun yana tsallake layi idan ya gaji. Haka na zama mai karanta wasiƙun Saje, kuma mai rubuta amsarsu.

Raman mutum ne mai son labarin siyasa. Kusan kowace wasiƙa sai ya cusa guntun jarida a ciki, kuma kusan kullum labarin mutum ɗaya ne, wato Babban Ministan jiharsu. A cikin guntayen nan muka bi rayuwarsa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya bar makaranta bai gama ba, ya yi aiki a shagon yadi. Ya shiga neman 'yancin ƙasarsu, aka ɗaure shi ba sau ɗaya ba. Ya shekara da shekaru yana bin ƙauyuka yana haɗa kan mutane, wasu na hawa kujera yana daga baya, sai daga ƙarshe kujerar ta zo gare shi. A hoton jaridar ƙaton mutum ne, baƙi kamar mu, da farar riga marar ado.

Ranar da na karanta cewa yana buɗe makarantu a ƙauyuka, Saje ya ce, "Dakata, Malam. Ka ce bai gama makaranta ba?"

"Haka aka rubuta, Baba Saje."

"Kuma shi ke buɗe wa 'ya'yan mutane makaranta?"

"Shi ne."

Ya yi dariya har ya bugi cinyarsa, ya ce, "Ashe ni ma ban makara ba." Daga ranar ba ya kiransa da komai sai "mutumin nan namu." In wasiƙa ta zo, kafin ma mu ji lafiyar iyalin Raman sai ya ce, "Fara da wurin mutumin nan namu."

A lokacin makarantata tana cikin wani hali. Yawancin yaran daga unguwanni masu nisa suke zuwa, wasu daga rugage. Da rana ta take sai su tafi gida cin abinci, kuma wanda ya yi tafiyar nan a cikin rana ba ya dawowa. Da safe aji cike, bayan azahar ni da bencina. Iyaye suka ga karatun rabin yini bai kai kiwon awaki amfani ba, suka fara janye yaransu. Mai duba makarantu ya zo ya ga haka, ya ce mini in ya dawo baɗi ya tarar da abin bai sake ba, za a rufe makarantar a kwashe bencina zuwa Kiru. Ban gaya wa kowa ba sai Saje.

Ba a daɗe ba wasiƙa ta zo da labarin cewa mutumin nan namu ya lura yunwa ce ke hana 'ya'yan talakawa zama a aji, ya sa an fara ba su abincin rana a makaranta, mutanen gari suna taimakawa da abin da suke da shi. Saje ya sa na maimaita wurin sau uku. Sannan ya miƙe ya ce, "To me muke jira? Yaron da cikinsa ke kuka ba ya jin muryarka, Malam, ko da kai ne liman. A fara da tukunya."

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba, don shi kansa ba zai yarda in faɗi haka ba. Kuskurensa na farko shi ne ya tafi wurin magidanta. Lokacin kaka ne, kowa ya ba da dami cikin fara'a. Kafin wata biyu hatsin ya ƙare. Da ya koma karo na biyu sai fuskoki suka sauya, wani ma ya ce masa, "Saje, sau nawa ake kaka a shekara?"

Kuskure na biyu ya fi ba da dariya. Ranar farko ya ce shi zai dafa da kansa, ai a soja ya ciyar da mutane fiye da haka. Ya yi wata miya irin wadda ya sha a gidan su Raman, ruwan tsamiya da barkono da masoro, ya ce ita ta tashe shi daga zazzaɓi. Yaran suka ci don kunya, hawaye da majina suna zuba. Ni kaina na shanye rabin randar makaranta. Shi kuwa yana tsaye da muciya yana cewa, "Ku ci, ku ci, haka ake zama Babban Minista." Washegari wata uwa ta aiko a tambaye ni laifin da ɗanta ya yi.

Matarsa, Inna Kande, ita ta gyara masa duka biyun. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Yana zaune yana ƙorafin magidanta, sai ta ce, "Ba kai ka taɓa ba ni labarin tsohuwar nan ta Indiya ba, mai 'yar tukunya a gefen murhu?" Sai ya tuna. Mahaifiyar Raman, duk lokacin da ta auni shinkafar girki, sai ta ɗebi damƙi ɗaya ta jefa a wata 'yar tukunya, in ta cika a bayar sadaka. Inna Kande ta ce, "To kai ka tafi wurin masu rumbu, su kuwa sau ɗaya suke buɗe hannu a shekara. Mu masu turmi kullum muke aunawa. Ka bar mini wannan. Kuma don Allah ka ajiye muciyar nan kafin ka kashe 'ya'yan mutane."

Ita da wata tsohuwa, Iya Dudu, suka bi gidaje. Ba a roƙi kowa mudu ba. Abin da aka ce kawai, in kin auni tsabar tuwo, ki ɗebi abin da tafin hannunki ya ɗauka ki jefa a ƙoƙo. Ran Alhamis Saje zai zagaya da keke da buhu, ya yi sallama a zaure, a miƙo masa. Da buhun farko ya iso muka buɗe, sai ga dawa da gero da masara da wake duk a cakuɗe. Na ce, "Wannan me za a dafa da shi?" Iya Dudu ta dube ni ta ce, "Malam, kai karatu ka sani. A ɓarza shi duka, a zuba yakuwa da gyaɗa, fate ne." Fate muke ci har yau, kuma ban taɓa ganin an bar saura ba.

Ana cikin haka aka ce za a zaɓi wakilin yankinmu a majalisar gunduma. Saje ya ce zai tsaya, don in maganar rufe makaranta ta taso a sami mai cewa a'a. Wanda ya yi takara da shi kuwa Alhaji Na'iya ne, mai sayen gyaɗa, ɗan autan Iya Dudu. Tare suka yi kiwo suna yara, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Alhaji yana kiransa "Soja," shi kuma yana kiran Alhaji "Ɗan gyaɗa." Alhaji mutum ne mai baki, in ya fara magana har mai tallar goro sai ya tsaya. Kuma ya sami abin kamawa. Ya ce damƙin nan haraji ne aka sa masa riga.

Ranar zaɓe aka taru a ƙofar gidan dagaci da hantsi. A lokacin ba akwati, kowa zai tsaya ne a bayan wanda yake so. Aka ba kowannensu dama ya yi magana. Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a, damƙi yau, damƙi gobe, ina za a kwana? Ana rage wa 'ya'yanmu tuwo a gida don a yi suna a makaranta. Duk gidan da ake ɗiban nan, ku duba, an rame. Ni dai gidana ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba, kuma ba za ta fita ba. Ku dube ni, kun ga alamar rama?" Ya shafa tumbinsa, mutane suka yi dariya, na ga wasu suna gyaɗa kai. Na damu, don na san in Saje ya sha ƙasa, ƙoƙunan nan za a kife su, makarantar kuma ta bi su.

Aka ce Saje ya yi magana. Ya miƙe kamar mai fareti ya ce, "Ni ban iya magana ba. Tukunya tana makaranta, wanda ke shakka ya zo ya ɗanɗana." Ya zauna. Jawabinsa ke nan duka. Daga baya na gane ya san wani abu da zai kayar da Alhaji nan take, amma bai faɗa ba, don ba ya son ya kunyata gidan abokinsa.

Iya Dudu kuwa ba ta da wannan damuwar. Tana zaune can gefe da sandarta, inda tsofaffin mata ke kallo. Sai muka ji ta ce, "Auta."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba.

"Auta, da kai nake."

Ya juyo ya rusuna ya ce, "Na'am, Iya."

"Wa ke auna tsaba a gidanka?"

"Ke ce, Iya."

"To wata uku ke nan ina ɗiban damƙi a gidanka, safe da yamma, don ni biyu nake ɗiba. Shekaranjiya ba kai ka aiko a gaya wa matanka su rage yawan tuwo ba, wai ana ɓarna?"

Dariyar da aka yi ranar, har dagaci sai da ya rufe baki da rawani. Alhaji ya tsaya ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi tumbinsa, sannan shi ma ya fashe da dariya ya ce, "Soja, ashe da hatsina kake yaƙata." Saje ya ce, "Da hatsinka, Ɗan gyaɗa, kuma ya fi na kowa kyau."

Kafin a yi layi liman ya ɗaga hannu ya ce sadaka ce mai kyau, amma mace ba ta ɗibar hatsin miji sai da saninsa, kowace ta nemi izini. Saje ya ce wannan gaskiya ne, laifinsa ne da bai fara ta nan ba, kuma shi zai bi magidanta ɗaya bayan ɗaya ya nemi yafewa. Daga baya kuwa ya bi su. Da aka yi layi, na bayan Saje ya kai har bakin rijiya. Na lura da wani abu ranar da har yanzu nake gaya wa ɗalibaina. Ba mace ko ɗaya a layin nan, don mata ba su da ƙuri'a, amma su suka ci zaɓen.

A majalisa ma bai sake hali ba. Ko maganar gada ake yi, ko ta kasuwa, in aka zo kansa sai ya ce ya yarda, sannan ya tambaya ko makarantar garin mai maganar tana da tukunya. Har suka sa masa suna Wakilin Tukunya, shi kuwa yana amsawa da fara'a. 'Yan jam'iyyu biyu sun zo gidansa a lokuta dabam, kowa da motarsa da alkawuransa, suna so ya shiga cikinsu ya nemi kujerar da ta fi wannan. Ya ba su fura, ya saurare su, ya ce, "Mutumin nan namu ya daɗe yana bin ƙauyuka kafin ya zauna a kujera. Ni ko ƙauyuka huɗu ban gama ba." Kafin rasuwarsa makarantu uku a gundumar sun kafa tasu tukunyar, kuma kowace sai da ya je da kekensa ya kai musu Iya Dudu a bayan keken wani ta koya musu fate.

Da mai duba makarantu ya dawo, da gangan ya iso bayan azahar don ya kama ni da bencina. Ya tarar da aji cike, ana karanta jadawalin lissafi na sau bakwai da ƙarfi kamar za a ɗaga rufin. Saje ya sa aka kawo masa fate a akushi. Ya ci, ya miƙa akushin a ƙara. Bai sake ambatar Kiru ba.

Ganina da shi na ƙarshe, ana gobe zan tafi Tudun Wada, yana kwance a zaure yana fama da tari. Ya ce in na dawo mu amsa wa Raman. Ya ce, "Ka rubuta masa, in ya sami hanya ya gaya wa mutumin nan namu cewa akwai wani tsohon soja a ƙasar Kano da ya kwaikwaye shi, bai nemi izini ba. Ka ce masa namu fate ne, ba shinkafa ba." Na ce zai faɗa mini sauran in na dawo. Allah bai nufa ba.

Ba zan ɓoye ba, a kan hanyata daga Kwanar Dangora baƙin cikina biyu ne. Na rasa uba, kuma ina tsoron tukunyar ta bi shi. Mutane suna miƙo ƙoƙo ne don sun ji sallamar Saje a zaure. Wa zai yi wannan zagaye? Ni ina aji, Inna Kande tana takaba, Iya Dudu ƙafa ta ƙi. Da na isa makaranta na leƙa buhu na ga abin da ya rage ba zai kai mako ba. Na fara shirya yadda zan gaya wa yaran.

Ran Alhamis, ina rubutu a allo, sai na ji ƙararrawar keken Saje. Na san ta, don tana da wata 'yar gargada. Na fito da alli a hannu. Alhaji Na'iya ne, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, gumi ya jiƙa shi, yana turo keken da buhu a baya, don bai iya hawa ba.

Ya ce, "Malam, ina ake zubawa?"

Na nuna masa. Na ce, "Alhaji, da ka aiko wani."

Ya ce, "Na so in aika. Iya ta ce in ba ni na je da ƙafata ba, kada in ƙara cin tuwon gidana." Ya sauke buhun, ya tsaya yana haki, sannan ya ce a hankali, "Ba ita kaɗai ba ce. Soja ya san abin da zai faɗa a kaina ranar nan a gaban jama'a, bai faɗa ba. Wannan ban manta ba." Ya share fuska da hannun riga. "Kuma ka gaya wa masu dafawa su ƙara gyaɗa, zan aiko. Faten nan nasa kullum tsararo ne."

Buhun ya fi na kowane mako nauyi. Wasu gidajen, in ji shi, ƙoƙo biyu suka miƙo.

Na rubuta wa Raman wasiƙar, na saka saƙon Saje kalma bayan kalma, na ƙara masa labarin rasuwar da labarin keken.

Allah ya jiƙan Saje Bawa, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowace loma da yaro ya ci a makarantar nan ta zama masa sadaka mai gudana. Allah ya ba Inna Kande da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ya zama gatansu, ya rufa musu asiri. Allah ya ƙara wa Iya Dudu lafiya, ya ba Alhaji Na'iya ƙarfin ƙafa, ya kuma nufe shi da koyon hawan keke. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Kai kuma mai karatu, in a garinku akwai makarantar da ke wofi bayan azahar, kada ka jira wasiƙa daga Indiya ko takarda daga hukuma. Ku yi shawara kai da uwargida, a sami ƙoƙo a ajiye kusa da turmi. Gobe in an auni tsaba a ɗebi damƙi ɗaya a jefa, sannan a tuƙa tuwo a kai wa mutanen gida. Ka zauna ka duba ko akwai wanda zai ce ya ragu.